Takardar Tsire da Rumbun Gwamnati

Mai tsire ba ya sayen sabuwar takarda. Haka mai ƙosai, haka mai awara a bakin titi, haka yaron da ke ƙulla gyaɗa. A da tsohuwar jarida ce abin naɗi, amma tun da jarida ta yi ƙaranci a hannun mutane, duk takardar da ta samu ita ce. In kana da halin duba abin da aka naɗo maka nama a ciki kafin ka yar, za ka sha kallo. Takardar jarrabawar wata ɗaliba da jan biron malami a kanta. Jerin sunayen ma'aikatan wani ofis da matakin albashin kowa. Fom ɗin neman aiki da gurbin da aka ɓamɓare hoto, wani lokaci ma hoton yana nan, mai ya jiƙe rabin fuskar. Suna, sunan mahaifi, ranar haihuwa, unguwa, lambar waya, wanda za a nema in wani abu ya faru, duk ga su nan yaji ya bi layi.

Wanda ya cika fom ɗin nan ba da wasa ya cika shi ba. Wataƙila sai da ya ari biro mai kyau, ya biya kuɗin hoto, ya bi layi cikin rana, ya miƙa da hannu biyu yana fatan alheri. Wanda ya karɓa kuma ba mugu ba ne. Ya sa shi a fayil, fayil ya hau kan fayil, aka ɗauki waɗanda za a ɗauka, shekara ta juyo, ofis ya cika, wani babba ya ce a fitar da tarkacen nan, mai shara ya ga abin da zai sayar a kan kilo. Duk tsawon hanyar nan babu wanda ya ƙudurci tona asirin kowa. Bayanin da yake mutunci ne a wurin mai shi, a wurin mai ajiyarsa kaya ne da suka tare wuri, shi ke nan.

Sai dai takarda tana da wani rufin asiri da ba wanda ya tsara mata shi. Nauyi gare ta, a warwatse take, kuma tana mutuwa: gara ta ci, ɓera ya yi sheƙa, rufi ya yi yoyo a kanta. Shafi ɗaya ne ya faɗo hannun mai tsire, ba shi da lokacin karantawa, ƙarshensa kwata ko murhu. Wanda yake son ya san komai game da mutum ɗaya sai ya zaga asibiti da makaranta da banki da ofishin haraji, ya ba kowane masinja na goro. Wanda yake son na mutum miliyan kuwa sai ya zo da tirela, kafin ya gama lodi an gan shi. An ƙirƙiro rumbun bayanai na kwamfuta ne don a huta da wannan wahala, an kuwa huta. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ɓarawo ma ya huta, sakaci ma ya huta. Halin mai ajiya bai canza ba, girman abin da yake iya zubarwa a tashi ɗaya ne ya canza.

A watan Oktoba na 2007, wani ƙaramin ma'aikaci a hukumar haraji da kwastan ta Birtaniya ya kwafi bayanan duk iyalan da ke karɓar tallafin yara a kan faifan CD guda biyu, ya sa a ambulan, ya aika wa ofishin binciken kuɗin gwamnati a Landan ta hanyar aiken wasiƙu na yau da kullum, ba tare da rajista ba. Ambulan bai isa ba. A ciki akwai sunaye da adireshi da ranar haihuwa da lambar inshorar ƙasa da bayanan banki na mutum miliyan 25, kusan iyalai miliyan bakwai da kwata. Wurin da ya fi ba ni haushi a labarin shi ne, masu binciken kuɗin ba su nemi duk wannan ba. Sun nemi a cire bayanan banki da sauran abin da ba sa bukata, aka ga tacewar za ta ci kuɗi da lokaci, aka aika musu da shi ɗungurungum. Shugaban hukumar, Paul Gray, ya ajiye aiki, 'yan sanda suka bi bola suna tono, ba a ga faifan ba. A 2022 kuma, a birnin Amagasaki na Japan, wani ma'aikacin ɗan kwangila ya zuba bayanan mutanen garin kaf, su kusan 460,000, a 'yar na'urar ajiya da ba ta wuce tsawon yatsa ba, ya sa a jaka, ya biya mashaya bayan tashi daga aiki, ya farka a gefen titi babu jaka. Shi Allah Ya rufa masa asiri, an tsinci jakar daga baya. Duka biyun nan babu ɗan kutse ko ɗaya a ciki.

In kuwa ɗan kutsen ne ya zo, sata ce da ba ta barin gurbi. Wanda aka sace wa akuya da safe zai ga turke babu komai. Bayani kwafarsa ake yi, na asali yana nan daram, mai gadi yana gadinsa hankali kwance. Hukumar kula da ma'aikatan gwamnatin tarayyar Amurka sai a 2015 ta farga cewa tun 2014 baƙi suke kai da komo a cikin kwamfutocinta, da mabuɗin shiga na wani ma'aikacin kamfanin da aka ba kwangila. Sun kwashi bayanan mutum miliyan 21.5. Kuma ba suna da adireshi kawai ba. A lokacin, duk wanda zai riƙe aikin da ya shafi sirrin ƙasa a Amurka sai ya cika wani fom mai shafi 127, ya faɗi bashin da ke kansa, da ko ya taɓa shan ƙwaya, da ko ya taɓa ganin likitan ƙwaƙwalwa, da sunayen 'yan'uwansa da abokansa na ƙasashen waje. Gwamnati ta tambayi waɗannan ne don ta san ta inda maƙiyi zai iya kama ma'aikacinta ya murɗa. Sai ta tattara amsoshin a wuri ɗaya, maƙiyin ya zo ya ɗauka a shirye. Jami'an Amurka sun ɗora zargin a kan Sin, ita kuma ta musanta. Cikin abin da aka kwasa har da zanen yatsun mutum miliyan 5.6. Shugabar hukumar, Katherine Archuleta, ta sauka, aka biya wa waɗanda abin ya shafa kuɗin wani kamfani da zai riƙa sa ido ko an ci bashi da sunansu. To, kalmar sirri ana canza ta da yamma, katin banki ana toshe shi a ba ka sabo. Yatsu goma ne, su ne dai har kabari.

Idan irin wannan labari ya fito, maganar da ake yi ita ce a ƙara tsaro, a sayo na'ura mai tsada, a ɗauko ƙwararru. Daidai ne, amma akwai abin da kuɗi ba sa magani. Rumbun da ba a buɗewa ba shi da amfani. An tara bayanan ne don banki ya duba kafin ya buɗe maka asusu, kamfanin waya ya duba kafin ya ba ka layi, ofishin fasfo ya duba, asibiti ya duba. Kowane ɗaya a cikin waɗannan ƙofa ce, kowace ƙofa da mutum a bakinta, shi kuma mutumin yana da kuɗin haya da na makarantar yara a kansa. A Janairun 2018 jaridar The Tribune ta Indiya ta ba da labarin yadda wakiliyarta, Rachna Khaira, ta biya rupi 500 ga wasu da ta samu ta WhatsApp, cikin 'yan mintoci suka ba ta sunan shiga da kalmar sirri. Da su tana iya rubuta lambar Aadhaar, wato lambar shaida ta Indiya, ta kowa, cikin mutum sama da biliyan ɗaya da aka yi wa rajista, ta ga suna da hoto da adireshi da lambar waya. Ba a fasa komai ba. Mabuɗin halal ne ya zama haja a kasuwa. Martanin hukumar da ke kula da Aadhaar shi ne ta kai ƙara wurin 'yan sanda, har da sunan 'yar jaridar a ciki.

Mu ma nan mun ga irinsa. Tun Disamban 2020 da aka ce kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar NIN, wannan lamba mai alƙaluma 11 ta zama igiyar da ta ɗaure komai: waya, asusun banki, fasfo, jarrabawar shiga jami'a. Waɗanda suka yi rajista sun haura miliyan 100. A Maris na 2024 wata cibiyar 'yan jarida masu bincike, FIJ, ta bankaɗo wani shafin intanet mai suna XpressVerify da ke fito wa kowa da bayanan NIN na wani a kan naira 200. Bayan 'yan watanni ƙungiyar Paradigm Initiative ta nuna wani shafin, AnyVerify, da ke yin haka a kan naira 100, ta kuma ce da wannan kuɗin ta sayi takardar NIN ta ministan sadarwa, Bosun Tijani, da ta shugaban hukumar kare bayanai, Vincent Olatunji. Hukumar NIMC mai kula da NIN ta ce ba a fasa rumbunta ba. Ni ban ga dalilin ƙaryata ta ba, kuma wannan ne ya fi tayar min da hankali. In an fasa ne, a toshe ɓarakar a wuce wurin. In kuwa bango lafiya lau yake amma kaya suna kasuwa, to ta ƙofa suka fita, a hannun wanda aka ba izinin shiga ko wanda shi ya ara wa izinin. Da ɗan gari akan ci gari.

Talaka yana iya cewa, ni me nake da shi da za a sata? Amsar tana zuwa masa ta waya, da murya mai ladabi. "Salamu alaikum, da Malam wane nake magana? Daga bankinku ne. Ranar kaza ga watan kaza aka haife ka, ko ba haka ba? Lambar BVN ɗinka ta ƙare da kaza da kaza. Ranka ya daɗe, yau za a rufe asusunka in ba a sabunta ba. Yanzu wata lamba za ta shigo wayarka, karanto min ita." Mutumin da ba zai taɓa ba baƙo ko sisi ba sai ya karanto, don a saninsa babu mai waɗannan bayanai sai banki da hukuma. Daga baya 'yan'uwa su yi ta yi masa faɗa a kan wauta. Ba wauta ba ce tsantsa. An yi amfani da gaskiyar da ya faɗa wa hukuma ne aka saye amincewarsa. Akwai kuma wanda za a yi wa layin waya rajista da lambarsa, a kira iyalan wani da shi a nemi kuɗin fansa, ranar da jami'an tsaro suka bi sawu ƙofar gidansa za su ƙwanƙwasa.

Duk wannan asarar dukiya ce da kwanciyar hankali. Akwai wadda ta fi ta, kuma ita ba ta bukatar ɓarawo ko maci amana. Rumbu yana daɗewa fiye da gwamnatin da ta gina shi.

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, ƙasar Holan tana alfahari da rajistar jama'arta. Kowane mutum yana da kati a ofishin garinsu da ke bin sa daga haihuwa zuwa mutuwa: ina yake zaune, wa ya aura, su wane ne 'ya'yansa, mene ne addininsa. Don gudanar da mulki da kula da jama'a aka yi shi, kuma masu yin sa mutane ne masu ƙaunar aikinsu. A Mayun 1940 Jamus ta mamaye ƙasar, ta tarar an gama mata rabin aiki. Jami'in da ke kula da rajistar, Jacob Lentz, ya ci gaba da aiki a ƙarƙashin 'yan mamaya da irin ƙwazonsa na da, har ya tsara musu katin shaida mai wuyar jabu. A 1941 aka umarci Yahudawa su yi rajista, aka buga musu harafin J a kati. Cikin Yahudawa kusan 140,000 da ke ƙasar, an kashe kimanin 102,000, wato kusan kashi uku cikin huɗu. A Faransa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne. Masana tarihi suna kawo wasu dalilan, kamar irin mulkin da Jamus ta kafa a can da ƙarancin wurin ɓuya a ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai cunkoso, amma ba sa barin rajistar a baya.

Mutanen lokacin sun gane haka sarai. A daren 27 ga Maris 1943, wasu 'yan gwagwarmaya, cikinsu da mai sassaƙa Gerrit van der Veen da mai zane Willem Arondeus, suka sa kayan 'yan sanda, suka shiga ofishin rajista na Amsterdam, suka yi wa masu gadi allurar barci don kada su kashe kowa, suka zazzage katuna a ƙasa suka cinna wuta. Takarda in ta cushe wuri ɗaya ba ta ci da sauri, don haka kaɗan ne daga cikin katunan suka ƙone. An kama yawancinsu, aka harbe 12 a Yulin shekarar. Kuma akwai kwafin katunan shaida a wani gini a birnin Hague, wanda sai a Afrilun 1944 jiragen yaƙin Birtaniya suka yi masa ruwan bama-bamai, mutum kimanin 60 suka mutu a ciki. Wannan fa rajistar takarda ce, mai gini da adireshi. Ta yau tana da kwafi a wurare da yawa, wasu ma a wata ƙasar, kuma da gangan aka yi haka don kada gobara ta cinye ta.

Ba a Turai abin ya tsaya ba. Turawan Beljiyam ne suka sa gurbin ƙabila a katin shaidar mutanen Ruwanda a shekarun 1930, gwamnatocin bayan 'yancin kai suka bar shi, a 1994 masu adduna a shingen hanya katin suke cewa a nuna musu. A Agustan 2021, da gwamnatin Afganistan ta rushe, na'urorin ɗaukar zanen yatsa da ƙwayar ido da sojojin Amurka suka yi aiki da su sun faɗa hannun Taliban, haka ma ofisoshin da ke riƙe da rajistar albashin sojoji da 'yan sanda. An gina rajistar albashin ne don a kawar da ma'aikatan bogi, manufa mai kyau da kowa zai yi na'am da ita. Dare ɗaya ta koma jerin sunayen waɗanda suka yaƙi sabon mai mulki.

Kada a ɗauka ina cewa a daina rajistar mutane. Wanda ba shi da takardar shaida ya san wuyar da yake sha: ba asusun banki, ba tallafi, ba hanyar tabbatar da cewa shi ne shi. BVN ta taimaka wajen tono ma'aikatan bogi a jerin albashin gwamnati, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Matsalata da kwaɗayin tambaya ce, da rowar sharewa. Duk mai tsara fom yana ganin gurbi ɗaya in an ƙara ba zai yi komai ba, wataƙila ya yi amfani wata rana. Ba ya tambayar kansa, in wannan amsar ta faɗa hannun wanda ya tsani mai ita fa? Ƙidayar Nijeriya ta 2006 ba ta tambayi addini ko ƙabila ba. Rigimar siyasa a kan wa ya fi wa yawa ce ta sa aka cire su, ba tunanin sirrin kowa ba, amma ko ma mene ne dalili, gurbin da ba a cika ba babu mai kwafarsa.

Akwai ƙasashen da suka yi abin da ya wuce fatar baki. Birtaniya ta soke rajistar katin ɗan ƙasa da ta fara, a Fabrairun 2011 aka niƙe faifan kwamfutocin da ke ɗauke da ita a injin, minista yana tsaye. Estoniya kuwa, wadda kusan komai nata ya koma intanet, ba ta zuba bayanai a tukunya ɗaya ba. Kowace hukuma tana riƙe da nata, suna tambayar juna abin da ake bukata kawai ta wani tsari mai suna X-Road, kuma ɗan ƙasa yana iya shiga ya ga wace hukuma ce ta duba bayanansa, yaushe. Likita ko ɗan sandan da ya leƙa fayil ɗin wani ba dalili ya san sawunsa yana nan, mai fayil ɗin zai gani. Wannan ya fi kowace doguwar katanga amfani a ganina, domin ya mai da mutane sama da miliyan ɗaya masu gadin kayansu. Su ma ba su tsira daga matsala ba: a 2017 an gano rauni a ƙwaƙwalwar katunansu sama da 700,000. Suka fito suka faɗa da bakinsu, suka dakatar da katunan, aka gyara.

Nijeriya ta samu dokar kare bayanai a Yunin 2023. Ta ce kada a karɓi abin da ya wuce bukata, kada a riƙe shi ya wuce lokacin da ake bukatarsa, kuma in an yi ɓaraka mai haɗari a sanar da hukumar kare bayanai cikin awa 72. A 2024 hukumar ta ci wani banki tarar sama da naira miliyan 500. Amma mafi girman rumbunan ba a hannun bankuna suke ba, a hannun gwamnati suke, kuma hukunta gwamnati yana da wata sarƙaƙiya. A Agustan 2023 rundunar 'yan sandan Ireland ta Arewa ta amsa wata tambaya da wani ya aiko a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai, game da yawan jami'anta a kowane muƙami. A cikin fayil ɗin da ta tura akwai wani shafi da ba wanda ya lura da shi, mai ɗauke da sunan iyali da muƙami da wurin aikin duk ma'aikatanta, su kusan 9,500. 'Yan sa'o'i kawai ya yi a intanet. Wannan yanki ne da wasu 'yan sanda ke ɓoye aikinsu har ga maƙwabta da dangi saboda 'yan bindiga, kuma shugaban rundunar ya fito ya ce ya tabbata jerin ya isa hannun 'yan bindigar. Hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta lissafa tarar da ta dace, ta kai fam miliyan 5.6. Sai ta rage ta zuwa fam 750,000, bisa hujjar cewa kuɗin daga asusun jama'a za su fito, a zaftare su daga aikin tsaron da ake yi wa jama'ar. Ko wannan ɗin ma da harajin mutane aka biya, har da na jami'an da sunayensu ke cikin jerin.